Ana Shawo Kan Lamarin

Tun yana ƙarami bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. In aka fasa kofi a gidan, kafin Umma ta fito daga kicin ya riga ya tare ta a bakin ƙofa da bayani: iska ce ta kaɗa labule, labule ya taɓa tebur, kuma dama can kofin a tsage yake. Shi ya sa Yaya, babbar 'yar gidan, ta laƙaba masa Kakaki, sunan kuwa ya bi shi har girma. Da ya shiga jami'a ya ji wai akwai sashen da ake kira hulɗa da jama'a, inda ake koya wa mutum ya tsaya ya yi magana da yawun kamfani ko hukuma har a riƙa biyansa albashi, sai ya ce ai don shi aka buɗe sashen. Ashe abin da ake ja masa kunne a kai a gida, digiri ake bayarwa a kansa.

A shekararsa ta ƙarshe, to sai wanda ya gani. Kwat ɗin gwanjo baƙa, ko ana zafin da kare ke zaro harshe tana jikinsa. Wayoyi biyu a hannu, ɗayar ma ba layi a cikinta, ta ado ce. Ba ya tafiya kamar sauran mutane, kullum cikin sassarfa yake, jaka a kafaɗa, kai ka ce jirgi zai tashi ya bar shi, alhali laburare za shi. Ka gaishe shi ya ɗaga maka yatsa ɗaya, wato dakata, ana magana da shi. Shi ne shugaban ƙungiyar ɗaliban sashensu, shi ke rubuta sanarwar duk wani taro, har na gasar ƙwallon da ba ya bugawa. Kuma babu abin da yake alfahari da shi irin gajiya. Zai zaro katin maganin ciwon kai daga aljihu ya ajiye a kan tebur inda kowa zai gani, ya murza goshi, ya ce, "Aikinmu ba na masu son barci ba ne. Matsi ne daga farko har ƙarshe." Aikin da ko ƙofar ofishinsa bai taɓa turawa ba fa.

A ɗakin kwanan ɗalibai akwai wani dogon madubi mai tsaga a gefe, jingine da bango. Nan ne ofishinsa na gaskiya. Zai tsaya gabansa da kwalbar turare a matsayin makirufo, ya koyi yadda ake nuna damuwa da gira, yadda ake dafa ƙirji, yadda ake yin shiru kaɗan kafin a ce "muna jajanta wa duk wanda abin ya shafa". Abokan ɗakinsa suna kwance suna jefo masa tambayoyin iskanci, shi ko dariya ba ya yi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Wanda ya ƙarasa shi wani malaminsu ne da ɗalibai ke kira Malamin Rikici, saboda darasinsa a kan yadda ake kare sunan kamfani ne idan abu ya ɓaci. Mutumin ya iya magana, ba za a ƙwace masa wannan ba. Shi ya koya musu cewa ranar rikici baki ɗaya ne ke magana, sauran duk su yi gum. Ya ce ba a sakin mummunan labari sai an shirya abin da za a faɗa bayansa. Abin da ya fi shiga kan Kakaki kuwa shi ne dabarar da Malam ke kira gada: in aka yi maka tambayar da ba ka so, kada ka ce eh, kada ka ce a'a, ka yaba tambayar, ka tsallaka zuwa maganar da ka zo da ita daga gida. Sauran ɗalibai sun rubuta don jarrabawa, za su manta bayan an tashi. Shi Kakaki shanyewa ya yi har ɓargo. Abin ya kai in ya je gida Umma ta ce, "Ka ci abinci?" sai ya ce, "Umma, ai muhimmin abu shi ne mutum ya kula da lafiyarsa." Ta bi shi da kallo, ta zuba masa kawai.

Mahaifinsu mai gyaran keken ɗinki ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bayan layin teloli, cike da kawunan kekuna marasa ƙafa, da gwangwanayen kusoshi, da warin mai. Baba ba mai yawan magana ba ne. In keke zai gyaru ya ce zai gyaru, in ba zai gyaru ba ya ce a kai bola. A duniya mutum ɗaya ce ke sa shi hira, ita ce Yaya. Uwata yake ce mata. Tun tana 'yar mitsitsiya take zama a shagon tana miƙa masa sukundireba, da ta yi aure ta koma wani gari mai nisa inda take koyarwa a firamare, tafiyar yini guda cur a mota, sai hirar ta koma ta waya. Kakaki bai taɓa cewa abin yana damunsa ba. Amma ya sani sarai in shi ya kira, gaisuwa ce da "Allah Ya yi albarka", shi ke nan.

A makon da za a yi babbar jarrabawarsu ne abin ya faru. Jarrabawar ba ta takarda ba ce: taron manema labarai ne na gwaji, kowane ɗalibi zai hau mumbari a matsayin kakakin wani kamfani da ya shiga uku, a yi masa ruwan tambayoyi. Kuma an gayyato mutanen wani babban kamfanin hulɗa da jama'a, za su zaɓi ɗalibi ɗaya su ɗauka aiki. Kakaki ya riga ya ga kansa a kujerar. Yana gaban madubi wayarsa mai layi ta yi ƙara. Wani tela ne maƙwabcin shagon: Baba ya yanke jiki ya faɗi, suna asibiti.

Ɗakin da aka kwantar da Baba dogon zaure ne mai gadaje jere, fanka ɗaya na juyi kamar ba ta so. An sa masa robar iska a hanci, ƙafafunsa sun kumbura suntum har zanen da aka lulluɓe shi da shi ya yi tudu. Umma na zaune a kujerar roba, takalmanta ma wari da wari ta sako. Likitar, wata mace da gajiya ta gama cinye wa fuska, ta ja Kakaki baranda tunda shi ne namijin da ke wurin. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Zuciyarsa ta gaji ƙwarai," ta ce. "Za mu yi iya ƙoƙarinmu, amma ban ga alamar zai tashi ba. In akwai wani nasa da ke nesa, ku kira shi ya taho yanzu, tun yana iya magana."

Ka san abin da ya fara zuwa kan yaron nan? Wai likitar ba ta iya isar da saƙo ba. Wallahi. Ana gaya masa ubansa na bankwana, shi yana ba matar maki a zuciyarsa: ba ta fara da tausasawa ba, ba ta bar ƙofar fata a buɗe ba. Ya gyara kwat, ya yi mata godiya, ya ce za su ɗauki matakin da ya dace.

Matakin farko, ya durƙusa gaban Umma ya yi ƙasa da murya. "Umma, a irin wannan lokacin in kowa na magana, labari ruɗewa yake. Wannan ya ce kaza, wancan ya ƙara gishiri, hankalin mutane ya tashi a banza. Ki kawo wayarki in riƙe, ki ji da Baba. Duk mai tambaya ya biyo ta kaina."

"Yayarka fa?" ta ce. "Me likitar ta ce maka?"

"Suna sa ido sosai. Yaya kuma ni zan sanar da ita."

Umma ta lalubo 'yar wayarta daga jaka ta miƙa masa. "To, kai ka yi karatu," ta ce.

Ya zauna a bencin baranda ya tsara saƙo zuwa zauren dangi na waya. Ya rubuta, ya goge, ya sake, sai da ya fito sumul: Baba ya ɗan samu rashin lafiya, yana samun kulawar ƙwararru, ana shawo kan lamarin, iyali na godiya da addu'o'i kuma suna roƙon a ba su sarari. Iyali! Shi da wa? Kawunnai da gwaggonni suka yi ta turo "Allah Ya ba da lafiya", kowa ya koma harkarsa. Kakaki ya ji wani sanyi a ransa, irin na wanda ya kashe gobara da hannunsa.

In ka tambaye shi, zai ce tausayin Yaya ya ji: ga yara ƙanana, ga ɗalibanta na shirin jarrabawa, ga hanya ba kyau, me ya sa za a ɗaga mata hankali kafin a samu cikakken bayani? Ƙarya yake, ko kuma rabin gaskiya, wadda ita ce sana'ar. Ya san in Yaya ta iso, kuka zai cika asibitin, dangi su yi dafifi, kuma babu mai barinsa ya sulale ya koma makaranta gwajin mumbari. Akwai kuma abin da ko madubinsa bai gaya wa ba: tsoro yake ji. In ya furta da bakinsa cewa Baba zai mutu, abin ya tabbata ke nan. Sai ya yanke a ransa cewa ranar da ya gama jarrabawa zai kira ta ya faɗa mata komai, a tsare, da kalmomin da suka dace. Kamar mutuwa ta karɓi jadawalin sashensu ta sa hannu.

Yaya ba ta jira saƙo na biyu ba, ta kira. Ta ce ta yi ta neman Umma ba a ɗauka.

"Tana wajen Baba, ba a son hayaniya a ɗakin," ya ce.

"Kai Kakaki, bar ni da wannan. Yaya jikin nasa? In taho?"

"Yaya, na ji daɗi da kika yi wannan tambayar, kuma na fahimci damuwarki. Abin da nake so ki sani shi ne yana hannun likitocin da suka san aikinsu, kuma..."

"Ban tambaye ka likitoci ba. Eh ko a'a, in taho?"

Ya ji gumi na bin bayansa a cikin kwat. Ga gada a gabansa, ya hau. "A halin da ake ciki yanzu, abin da Baba ya fi buƙata shi ne hutu da addu'a. Da zarar an samu wani canji, ke ce ta farko da za ki ji."

Ya ji kukan ƙaramin ɗanta daga can. "Ba ni shi mu gaisa."

"Ya samu barci."

Wannan kam gaskiya ce, Baba barci yake a lokacin. Kakaki ya kula ƙwarai da wannan: bai taɓa yin ƙarya tsagwaronta ba, Malam ya hana, wai ita ce ke kashe kakaki. Yaya ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "To shi ke nan, tunda da sauƙi zan bari sai ƙarshen mako, in an tashi yara. Na amince da kai fa." Bai ce da sauƙi ba, ita ta faɗa. Bai kuma gyara mata ba.

Kwanakin da suka biyo baya, rabinsa na asibiti rabinsa na makaranta, yana ta sassarfa tsakanin biyun, kuma a ƙasan ransa har wani daɗi yake ji: ga shi a cikin matsi na gaske, yana riƙe da komai. Zai zauna gefen gadon Baba da takardunsa a cinya, leɓɓansa na motsi, yana haddar amsoshi. Baba na kwance yana jan numfashi da ƙyar. Duk sanda ƙofar zauren ta yi ƙara, sai ya juya kai a hankali ya duba. Nas ce. Mai shara ce. Ɗan wani majinyaci ne da kwanon abinci. Sai ya mayar da kai.

"Uwata ta taso?" ya ce, muryar kamar daga cikin rijiya.

"An sanar da ita, Baba."

"To."

Washegari ma haka, da ranar da ta biyo baya. Wata rana har Baba ya kamo hannun rigar kwat ɗin da yatsunsa masu baƙin mai a ƙarƙashin farce, ya ce, "Ka ce mata ina son ganinta." Kakaki ya dafa hannun, ya yi irin shirun nan na gaban madubi, ya ce, "Ana kan hakan, Baba." Umma ta nemi wayarta, ya ce caji ya ƙare, ya kai a sa. Ta dube shi ta daɗe. Daga ranar ta daina tambayarsa abin da likita ta ce.

Ranar jarrabawa ya leƙa asibiti da safe, Baba na barci, ya ce wa Umma ba zai jima ba. Babban ɗakin taron sashensu ya cika. An jera kujeru, ɗalibai sun zama 'yan jarida da alƙaluma da wayoyi a ɗage, baƙin kamfani na layin gaba da ruwan gora a gabansu. Takardar ƙuri'ar da ya ciro ta ce shi kakakin wata masana'antar fenti ce da aka ƙirƙira, wadda dattin injinta ya gurɓata ruwan wata unguwa, yara na kwance asibiti. Ya hau mumbari ya gyara makirufo.

A nan dai a ba shi haƙƙinsa, ya yi abin kallo. Aka ce, kun san da yoyon tun yaushe? Ya ce tambaya ce mai muhimmanci, kuma abin da suka sa a gaba yanzu shi ne lafiyar al'umma. Aka ce, za ku amsa laifi? Ya ce ba zai riga bincike magana ba. Wata ɗaliba mai kaifin baki ta miƙe ta ce, "Eh ko a'a, yaran nan za su rayu?" Ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai daidai gwargwado, ya ce zuciyar kamfanin na tare da iyayensu. Duk wannan lokacin wayarsa na ta girgiza a aljihun wando, tana tsayawa tana sakewa. Bai ko ƙifta ido ba, har yana yaba wa kansa a zuci: ka ga ƙwararre. Aka tafa masa. Malamin Rikici ya gyaɗa kai kamar ƙadangare. Shugabar baƙin ta miƙa masa katinta ta ce ya zo ofis ranar Litinin, irinsa suke nema, wanda ba ya girgiza.

Sai da ya gama gaisawa da kowa, aka ɗauki hoto, sannan ya ciro wayar. Baƙuwar lamba ce, ta kira har ta gaji. Ya bi kiran. Wata mata ta ɗauka ta ce ita ce mai jinyar gadon da ke kusa da na babansa, ga mahaifiyarsa.

"Ya daina magana," Umma ta ce. Muryarta a bushe. "Tun hantsi. Idonsa a rufe, ko an kira shi ba ya amsawa. Na ari wayar baiwar Allahn nan na kira yayarka, na gaya mata abin da idona ya gani. Ta kama hanya."

"Umma, ai da kin bari na..."

"Lambar 'yata ba a waya take ba, a kaina take. Ka taho."

Ya taho. Wannan karon gudu ya yi na gaske, kwat a hannu. Ya tarar da Baba kamar yadda aka faɗa, ƙirji na hawa yana sauka, baki a ɗan buɗe. Ya kira shi, ya sake kira, ya ce, "Baba, Yaya na hanya, wallahi tana hanya." Ihu bayan hari. Ƙofar zauren ta yi ta ƙara, kan Baba bai juya ba.

Motar da Yaya ta samu ba ta tashi da wuri ba, ta kuma lalace a hanya suka kwana a tasha. Gari na wayewa Baba ya cika. Umma ta hana a gusar da shi, ta ce sai 'yarta ta iso, nas ɗin ta ja labule ta zagaye gadon ta ƙyale su.

Kakaki ya fita baranda ya zauna a benci. Ya yi kuka, ba za a ce bai yi ba, kuka mai majina wanda ba a koyarwa a ko'ina. Amma sabo turken wawa: yana share ido, kansa ya fara tsara abin da zai faɗa wa Yaya. Ya san za ta yi ihu, wataƙila ta mare shi a gaban mutane. Sai ya shirya: zai fara da amincewa da raɗaɗin da take ji, ya ce an yanke shawara ne bisa bayanan da ake da su a lokacin, ya rufe da cewa yanzu lokacin haɗin kai ne. Har ya zaɓi inda zai tsaya, nesa da ƙofa, kada Umma ta ji.

Rana ta ɗaga lokacin da ya hango ta a ƙarshen baranda. Ba jaka, ba komai, kayan koyarwar da ta fita da su jiya ne a jikinta, duk sun yamutse, akwai farin alli a hannun rigar. Ta ga labulen ta tagar zauren, ta ga idonsa, ta tsaya cak. Ba ta yi ihu ba. Ta ƙaraso a hankali har gabansa, ya miƙe, ya buɗe baki.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," ta ce. "Ya neme ni?"

Amsar na nan a kan harshensa, a goge, a shirye: Baba ya kasance yana tunawa da dukkan 'ya'yansa har ƙarshe. Kuma ba ƙarya ba ce. Ya ja numfashi zai fara, sai ya ga leɓenta na rawa, ta datse shi da haƙori don kada ya ƙwace mata.

"Eh," ya ce.

Ta ci gaba da kallonsa.

"Kullum. Duk wanda ya turo ƙofa sai ya duba ko ke ce. Ya ce in gaya miki yana son ganinki. Likita ta ce in kira ki tun ranar farko. Ban kira ba."

Yaya ta gyaɗa kai a hankali, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Ashe ka iya cewa eh," ta ce.

Ta raɓa ta gefensa ta tura ƙofar ta shiga.